Na'urar karatu mai kala ko baƙi da fari: wacce ta dace da karatunka?

Tun da kamfanin Kobo ya fito da Libra Colour da Clara Colour a watan Afrilun 2024, shi ma Amazon ya biyo sahu da Kindle Colorsoft a watan Oktoban shekarar, tambayar mai neman na'urar karatu ta sauya. Da can abin da ake tambaya shi ne wane kamfani, kuma inci nawa. Yanzu kafin a kai nan sai an tsaya a kan mai kala ko mara kala. Mutane da yawa suna ganin ai amsar a fili take: mai kala ita ce sabuwa, ita ce mai tsada, to dole ta fi. A wayoyi da talabijin haka abin yake. A fasahar tawadar lantarki kuwa, wadda fuskar waɗannan na'urori take aiki da ita, kalar musaya ce. Ana ba ka launi, a karɓi wani abu daga hasken shafinka da kaifin rubutunsa, sannan ka ƙara kuɗi a kai. Ko musayar ta yi maka riba ko ta jawo maka asara, irin abin da kake karantawa ne zai raba gardamar.

Sai an san yadda fuskar take aiki kafin a gane daga ina asarar take fitowa. Kusan duk waɗannan na'urori, Kindle ce ko Kobo ko Boox ko PocketBook, wuri guda suke sayo fuskarsu, wato kamfanin E Ink, wanda ya samo asali daga wani ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka a 1997, yanzu kuma kamfanin ƙasar Taiwan ne. A cikin fuskar akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowanne ɗauke da ƙwayoyin tawada baƙaƙe da farare suna yawo cikin ruwa. Idan aka ɗan taɓa su da lantarki, sai farare su taso baƙaƙe su nutse, ko baƙaƙe su taso farare su nutse. Da zarar sun zauna shi ke nan, ba sa neman wuta don su ci gaba da zama a inda suke. Shi ya sa batirin yake daɗewa. Fuskar kuma ba ta da hasken kanta: na rana ko na ɗaki ne yake sauka a kanta ya dawo idonka. Ko fitilar da aka saka mata a gefe take, tana watsa haske a kan shafin, ba daga bayansa take harbo shi cikin ido ba.

Don a samu launi a kan wannan, hanya biyu ake bi. Wadda ta cika kasuwa ita ce Kaleido 3, wadda take cikin Kobo biyun nan, da Boox Go Color 7, da Note Air4 C, da PocketBook InkPad Color 3. Ita ma Colorsoft a kan wannan tsari aka gina ta, da 'yan gyare-gyaren Amazon. A nan ba a taɓa tawadar ba, tana nan baƙi da fari yadda take. Wata siririyar shimfiɗa ce aka ɗora a samanta mai ƙananan ɗigogi na ja da kore da shuɗi. Idan ana son wuri ya fito ja, sai a farar da tawadar da ke ƙarƙashin jan ɗigo, a baƙanta ta ƙarƙashin sauran. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta rage saurin juya shafi sosai, amma tana da farashi. Haske sai ya ratsa shimfiɗar wajen shiga, ya sake ratsa ta wajen fita, kowane ratsawa kuma sai an ci wani abu daga cikinsa. Shimfiɗar nan ba ta ɗaguwa. Ko labari kake karantawa wanda babu ɗigon launi ko ɗaya a cikinsa, tana nan tsakaninka da rubutun.

Ka ajiye Clara BW, wato mara kala, da Clara Colour gefe da gefe, ka kashe fitilar kowacce, ka buɗe shafi ɗaya. Girmansu ɗaya, inci 6, kamfaninsu ɗaya, amma ba sai an nuna maka ba. Shafin mara kalar yana da haske, baƙin rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a kansa. Na mai kalar ya yi duhu, ya koma ruwan toka sosai, tazarar da ke tsakanin rubutu da bayansa ta ragu. Idan ka matso da ido kusa za ka ga farin shafin ba sumul yake ba, akwai wata siririyar saƙa a kansa, kamar kana kallon takardar ta cikin gidan sauro. Wasu idonsu yana mantawa da ita bayan 'yan kwanaki, wasu kuma har su sayar da na'urar ba su daina ganinta ba. A tsakar gida da rana tsaka duk wannan ba damuwa ba ne, hasken ya ishe ta, launukan ma a nan suka fi kyau. A cikin ɗaki ko zaure kuwa, ko da hantsi ne, sai ka kunna mata fitila kafin shafin ya yi daɗin karatu, alhali 'yar'uwarta tana karantuwa haka nan.

Sai batun kaifi. Rubutu baƙi yana fita da ɗigo 300 a kowane inci, daidai da na'urorin da ba su da kala. Duk abin da yake da launi kuwa ɗigo 150 ne a inci, rabi ke nan, domin sai an haɗa ɗigogi da yawa kafin a samu launi guda. Yawan launukan da take iya nunawa 4,096 ne, wayar da ke aljihunka kuma tana nuna sama da miliyan 16. Don haka launukan koɗaɗɗu ne, jan bai cika ja ba, fuskar mutum a hoto kuma takan fito da ɗan ƙura-ƙura. Duk wanda ya ga hoton talla a intanet ya sa ran abin da ya saba gani a waya, ransa zai ɓaci ranar da ya buɗe kwali.

To wa ya kamata ya yarda da wannan musaya? Wanda launi yake ɗauke da ma'ana a cikin abin da yake karantawa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mus'hafin tajwidi mai launuka, irin wanda ɗab'in Darul Ma'arifa ta Dimashƙa ya yaɗa a duniya, wanda ɗaliban Islamiyya da masu shiga musabaƙa suka san shi sarai. A cikinsa ja na maddi ne, kore na gunna, shuɗi na ƙalƙala da kaurara harafi, ruwan toka kuma na harafin da ake rubutawa amma ba a furtawa. Ka buɗe wannan shafi a na'ura mara kala, duk waɗannan sai su zama toka-toka masu kama da juna. Harafin da aka ce ka tsallake da wanda aka ce ka riƙe shi da gunna sai su yi kusan kama ɗaya. Amfanin bugun gaba ɗaya ya tafi. A mai kala kuwa, duk da koɗewar, kore kore ne, ja ja ne, ido yana kama su ba tare da ya tsaya ba. A nan kalar ta biya kuɗinta.

Amma ko a nan akwai inda gizo ke saƙar. Jan da ke cikin wannan Mus'hafi ba iri ɗaya ba ne: hawa-hawa ne, daga mai duhu na maddin da ake ja haraka shida zuwa mai haske na haraka biyu. Haruffan sirara ne, layi goma sha biyar a shafi. Idan ka matse wannan shafi cikin fuska mai inci 6 ko 7, sannan ka tuna launi ɗigo 150 kawai yake samu, sai matakan jan su riƙa shigewa cikin juna. Dole ka juya na'urar a kwance ka riƙa karanta rabin shafi, ko ka riƙa buɗa shi da yatsu, wanda yake ɓata wa mai hadda hoton shafin da ya saba riƙewa a ka. A fuska mai inci 10.3 ne abin yake zama daidai. Wato ga mai wannan buƙata, girman fuska da kala tare suke tafiya, kuma kuɗin yakan kai wajen ninki biyu ko fiye.

Haka yake ga mai nazarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Alarammominmu suna rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, malamai kuma sukan bambanta matani da sharhi ta hanyar launin tawada. Mai kala tana raba maka waɗannan. Sai dai hoton tsohuwar takarda da ta yi ja-ja saboda shekaru, idan ya hau fuskar da ita ma tana da duhunta, bayan rubutun yakan yi dishi-dishi. Don bitar abin da ka riga ka sani ta wadatar. Don tantance harafin da ya goge, kwamfuta ta fi.

Ɗalibin likitanci ko na aikin jinya shi ma yana cikin masu riba. A zanen jikin ɗan'adam an saba sa jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya da ja, masu dawo da shi da shuɗi, jijiyoyin saƙo da rawaya, kuma a baƙi da fari zanen ya zama tarin igiyoyi kawai. Haka taswira, haka jadawalin tattalin arziki mai layi biyar kowanne da launinsa, haka zanen wayoyin lantarki. Duk inda aikin launi shi ne ya ce maka wannan daban, wancan daban, Kaleido tana iyawa. Inda take gazawa shi ne inda ainihin zurfin launin ne darasin, kamar hotunan ƙwayoyin nama da aka rina aka ɗauka da madubin likita, inda ruwan hoda da shunayya suke da matakai masu yawa kuma a cikin matakan nan cutar take ɓuya. Wannan ba aikinta ba ne, kuma bai kamata ɗalibi ya dogara da ita a kansa ba. Littattafan yara masu zane da labaran zane-zane suna fita da kyau, don launukansu shimfiɗaɗɗu ne. Mujallar girki ko ta ɗinki, inda kake son ganin ainihin launin atamfa, a'a.

Akwai kuma shafa alama. Kobo da Kindle duka sun fito da launuka huɗu na yi wa jimla alama, Libra Colour kuma tana karɓar alƙalamin da ake saya daban, ka yi rubutu a gefen shafi. Ga mai rubuta kundin digiri wanda ya saba ware hujja da launi ɗaya, tambaya da wani, wannan abu ne mai amfani na gaske. Ni dai ban ga ya kai a sayi na'ura dominsa kaɗai ba, amma na san masu karatun da tsarinsu duka a kan haka yake, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba.

Yanzu ga mafi yawan masu karatu, waɗanda abin da suke ci kullum shi ne littattafan hikaya, tarihi, fassarar hadisi, tarihin rayuwar mutane, ko manyan littattafan fiƙihu da nahawu da aka ɗauki hotonsu aka mai da su PDF. Waɗannan rubutu ne baƙi a kan fari daga farko har ƙarshe. Launin da za ka gani shi ne na bango, na daƙiƙa biyu, kafin ka buɗe. Sauran sa'o'in duka za ka yi su ne a kan shafin da ya fi duhu, da fitila a kunne, bayan ka biya kuɗi fiye da na wanda shafinsa ya fi naka haske. Ga wannan mutum shawarata ba ta da kwana-kwana: ya sayi mara kala. Idan idonsa ya fara rauni, ko don iyaye zai saya, maganar ta ƙara ƙarfi, domin tsufan ido bambanci tsakanin baƙi da fari yake nema kafin komai.

Batir shi ne abin da ya fi jan hankalin wanda yake zaune inda wuta take zuwa ta ga dama. Amazon ya ce Kindle Paperwhite ta 2024, wadda ba ta da kala, tana kai mako 12 da caji ɗaya, Colorsoft kuma mako 8. Amma a ƙasan wannan magana akwai sharaɗi: karatun rabin awa a rana, intanet a kashe, fitila a matsakaici. Idan ka lissafa, sa'a 42 ke nan a kan sa'a 28. Mai karatun sa'a uku a rana ya san mako biyu ne ga ta farko, kwana tara ko goma ga ta biyu, kuma da yake mai kalar tana neman a ɗaga mata fitila, tana iya yin ƙasa da haka. Duk da wannan, ko wacce ka ɗauka ta yi wa waya da tabilet fintinkau, waɗanda sai ka nemi wurin caji kullum ko bayan kwana biyu. Bambancin batir tsakanin mai kala da mara kala na gaske ne, amma bai kai ya hana mai buƙatar kala saye ba.

Inda batir yake zama magana shi ne a na'urorin Boox. Su Android ne a cikinsu, da Google Play, don haka kana iya saka manhajojin Kindle da Kobo da Wattpad da Telegram duk a na'ura ɗaya. Ga mai karanta littattafan Hausa wannan babban abu ne, domin marubutanmu na intanet ba a shagon Amazon ko na Kobo suke sakin yawancin aikinsu ba. A WhatsApp ne, da Telegram, da Wattpad, da manhajojin waya. Da Boox sai ka buɗe inda littafin yake ka karanta. Da Kindle sai ka tura fayil ɗin ta hanyar Send to Kindle, wadda take karɓar PDF da EPUB, wato fayil ɗin littafin lantarki, da takardun Word, da Kobo kuma hanyar da aka saba ita ce ka haɗa ta da kwamfuta da kebul ka zuba. Ba wahala ba ce mai yawa, amma mataki ne da za ka riƙa yi kowane lokaci. Abin da Boox take karɓa a madadin wannan 'yanci shi ne caji, wanda yake komawa na kwanaki maimakon makonni, musamman a manyan masu kala da aka ƙara musu dabarar hanzarta fuska. Sannan saitinta yana da yawa. Kowace manhaja sai ka daidaita mata saurin fuska da zurfin launi, in ba haka ba shatin shafin da ya wuce ya riƙa zama a bayan sabon. Wannan shati ya fi fitowa a masu kala, maganinsa kuma shi ne fuskar ta ƙifta, ta yi baƙi ta dawo fari. Wanda ba ya son taɓe-taɓen saiti, Kobo ko Kindle ta fi masa kwanciyar hankali.

A nan ya kamata in ja kunne a kan wani abu. Ganin Android a ciki yana sa mutum ya yi tunanin ya samu tabilet da na'urar karatu a kuɗi ɗaya. Bidiyo zai buɗe, amma kallonsa azaba ne. Facebook zai buɗe, amma jan shafi sama da ƙasa yana barin tabo ko'ina. Duk wanda ya saye ta da niyyar ta maye masa gurbin tabilet zai tsane ta cikin mako guda. Ni a wurina wannan gazawar ma alheri ce, don na'urar da ba ta iya nishaɗantar da kai da komai sai littafi ita ce take barin ka ka gama littafin.

Ƙaramin abu amma mai ban haushi idan ya same ka: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu da ke cikin na'ura ne yake da su ba, sai ka ga sun fito da wani fasali daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya tsaya a gurbinsu. Kindle da Kobo duka suna bari ka zuba naka salon rubutun ta kwamfuta, kuma Charis SIL ko Noto Serif suna magance matsalar. Wannan bai shafi kala ba, ko wacce ka saya zai iya tasowa.

Hanya ta biyu ta samar da launi ita ce Gallery 3, wadda reMarkable Paper Pro mai inci 11.8 ta fito da ita a watan Satumban 2024. A nan babu shimfiɗa a sama. Tawadar ce da kanta take da launuka huɗu, fari da rawaya da ja mai ruwan hoda da shuɗi mai ruwan sararin sama, ana tura kowanne sama ko ƙasa gwargwadon buƙata. Saboda haka babu saƙar nan, launin kuma yana da kaifi ɗaya da baƙin rubutu. Matsalarta jinkiri. Alƙaluman E Ink da kansu sun nuna shafi mai kala yana ɗaukar daga rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya zauna, yana ƙifce-ƙifce a hanya. Ga mai rubutu da alƙalami da mai gyaran takardu a ofis wannan ba komai ba ne. Ga mai juya shafi bayan shafi yana gundura. Ga shi reMarkable ba ta da shagon littattafai, ba ta karɓar manhajoji, PDF da EPUB kawai take buɗewa, kuma ta fito ne a kan dala 579. Littafin rubutu ce da ke iya karatu, kuma haka ya kamata a ɗauke ta.

Kuɗi kuwa, bambancin ya danganta da gidan da ka shiga. A farashin fitowa, Clara BW dala 130 ce, Clara Colour 150, tazarar dala 20 kacal. Libra Colour 220. A gidan Amazon, Paperwhite 160, Colorsoft ta farko 280, kafin a fito da mai ƙaramin rumbun ajiya a kan 250 a 2025. Manya masu inci 10.3 irin Note Air4 C suna wajen 500, Kindle Scribe Colorsoft mai inci 11 da aka sanar a ƙarshen 2025 kuma 630. A shekarar 2025 dala tana kai-komo ne a wajen naira 1,500, wato Colorsoft ta dala 280 ta kama naira 420,000 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wannan albashi mafi ƙanƙanta ne na wata shida, a kan naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Da tazarar dala 120 da ke tsakaninta da Paperwhite kana iya sayen tabilet ɗin Android mai sauƙin kuɗi, wanda zai nuna maka hoto da bidiyo da mujalla fiye da kowace tawadar lantarki. Ga wanda kala take shigo masa jefi-jefi, wannan haɗin, mara kala don doguwar karatu da tabilet ko waya don abin da yake da hoto, ya fi hankali. A gidan Kobo, inda tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ba kuɗi ne abin dubawa ba, duhun shafin ne kawai.

Wani zai ce to me zai hana a tsaya a kan tabilet ɗin kaɗai? Babu abin da zai hana, idan karatunka gajere ne kuma a inuwa. A rana fuskarsa ba ta ganuwa, cajinsa ba ya kwana biyu, saƙonni kuma ba sa barin ka. Game da dare, wani bincike da masana na Harvard suka wallafa a 2015 ya nuna waɗanda suka yi karatun sa'a huɗu a iPad kafin barci sun fi jinkirin yin barci a kan lokacin da suka karanta littafin takarda. Mutum 12 ne kawai aka gwada, an ƙure hasken fuskar, kuma ba a gwada tawadar lantarki ba, don haka kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Abin da za a iya cewa shi ne fitilar na'urar karatu tana sauka ƙasa sosai, ana kuma iya mai da ita ruwan ɗorawa da daddare, mara kala kuma ta fi mai kala jure ƙarancin fitila. A yi hattara kuma da tabilet irin TCL NXTPAPER da ake tallata su da sunan fuskar takarda. Gilashinsu ba ya ƙyalli, kuma suna da nasu amfanin, amma fuska ce irin ta waya mai haske daga baya. Na'ura mai tawadar lantarki ta gaskiya kuwa, ko ka sa ta barci hoto yana nan zaune a kan fuskarta.

Abu na ƙarshe da ya shafe mu fiye da mai saye a Landan ko Dubai shi ne abin da zai faru idan ta samu matsala. Lokacin da Colorsoft ta fito, masu saye da dama sun yi ƙorafin wani ratsin rawaya a ƙasan fuskar, Amazon ya amsa, ya ce zai musanya ko ya mayar da kuɗi. Wanda ya sa aka yo masa tsarabarta zuwa Kano ko Zinder, mayar da ita wani aiki ne daban. A ƙarƙashin fuskar nan akwai gilashi siriri ƙwarai, wanda yakan tsage daga ciki idan aka danne na'urar a jaka tsakanin littattafai ko aka zauna a kanta, saman yana nan lafiya amma rabin shafin ya daskare. Ba kamar sikirin ɗin waya ba ne da za ka shiga kasuwa a canza maka kafin la'asar. Sai an yi odarsa, na mai kala ya fi tsada, sau da yawa kuma kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa. Murfi mai tauri ba ado ba ne, a sa shi cikin lissafi tun farko. Zafi ma haka: Amazon ya ƙayyade amfani da Kindle tsakanin digiri 0 da 35, a Sakkwato ko Maiduguri kuma watan Afrilu yana wuce 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe aka bari a rana.

Idan ta hannu za ka saya, ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa, ka kuma gwada shiga da naka a gabansa, don Kindle da aka kai rahoton ɓatanta ba ta karɓar sabon asusu. Ka buɗe farin shafi, ka ƙure fitila, ka duba ko akwai ɗigon haske ko gefen da launinsa ya bambanta. Sabuwa ce ko ta hannu, kafin ka biya ka zuba mata fayil ɗin da kai kanka kake karantawa, Mus'hafinka ko littafin darasinka, ba hoton gwajin da mai shago ya ajiye ba. Ka duba shi da fitila a kashe a cikin shagon, sannan ka fita da ita bakin ƙofa ka sake dubawa. Idan daga nesa za a aiko maka, ka roƙi mai sayarwa ya ɗauki hoton wannan shafin haka, fitila a kashe, da farar takarda a ajiye kusa da ita.